Roƙo Domin Dabbar da Ba Za Ta Warke Ba

A ƙasashen Amurka da Ingila akwai wata 'yar dabba da suke kira faret, wadda mutane kan ajiye a cikin gida kamar yadda ake ajiye kyanwa. Doguwa ce siririya, mai gajerun ƙafafu da ɗan ƙaramin kai, wanda duk ya hange ta daga nesa zai ɗauka tunku ne. Amma masana halittar dabbobi sun ce ba dangin tunku ba ce. A cikin namun dajin da muka sani, bodari da dage su ne 'yan'uwanta, kuma ta ɗan gaji wani abu na warin gidansu. Nauyin babbarta da ƙyar yake wuce kilo 2. Takan kwashe sa'o'i 14 zuwa 18 tana barci a kowace rana, in ta farka kuwa sai tsalle-tsalle da kutse-kutse da ɗauke 'yan kayayyaki tana ɓoyewa, shi ya sa sunanta ya samo asali daga wata kalmar Latin mai ma'anar ɗan ƙaramin ɓarawo. Ba ta da dogon kwana. Wadda ta shekara 8 ta tsufa tukuf, wadda ta kai 10 kuwa sai a riƙa ba da labarinta.

Mu ƙaddara wata mata ce a wani gari na Amurka, mai ƙaramin albashi, tana zaune ita kaɗai a ɗakin haya, ba ta da abokin zama sai faret ɗin da ta raina tun tana 'yar jaririya. Da dabbar ta shekara biyar sai ta fara ganin ƙafafunta na baya suna saki, takan tsaya ta ƙura wa wuri guda ido, yawu yana zuba daga bakinta. Likitan dabbobi ya auna jini ya ce ƙari ne ya fito a gaɓar da ke samar da sinadarin insulin, sinadarin ya yi yawa, yana zuƙe sukarin da ke cikin jini. Wannan ciwo ya zama ruwan dare ga irin wannan dabba idan ta manyanta. Ana ba ta maganin da ake kira firednisolon safe da yamma, in ya gaza a ƙara mata da wani, a kuma riƙa ba ta abinci a kai a kai, ranar da ta sume a goga mata zuma a dasashi a ruga da ita asibiti. Ana iya yi mata tiyata a cire abin da ya ciru, sai dai yawanci ƙarin yakan sake tsirowa. Wato dai ana lallaɓa ciwon ne, ba a warkar da shi. Kuɗin awo da na magani ba sa yankewa, na tiyata kuwa ɗaruruwan daloli ne, wani lokaci ma fiye da dubu.

To, ga aljihun wannan mata ya ƙare. Sai ta rubuta takardar neman taimako, ta haɗa da hoton dabbar, ta raba wa abokan aiki da maƙwabta, ko ta ajiye gwangwani a kantin unguwa, ko kuma ta kai kukanta irin dandalin nan na tara gudunmawa ta intanet, kamar GoFundMe da aka kafa a 2010. Tambayar da muke so mu tattauna ita ce: shin ta yi daidai da ta roƙa? Kuma wanda ya sa hannu a aljihu ya ba ta, alheri ya yi ko almubazzaranci?

Mun taɓa jefa wa ɗalibanmu wannan tambaya a aji, kafin mu rufe baki ɗakin ya kece da dariya. Wani daga baya ya ce ai wannan ƙoshi ne, samun wuri ne, kuturu da gaɗa cikin rama. Mu ma mun yi dariyar, ba za mu ɓoye ba. Amma da muka tambaye su ko akwai wanda ya san mai doki da ya taɓa sayar da hatsin gidansa domin jinyar dokin, ko mai kiwon tattabaru da ya kwana bai runtsa ba saboda wata guda ba ta dawo ba, sai hannuwa suka tashi. Ashe abin da ya ba mu dariya baƙuntar dabbar ce da ƙanƙantarta. Wannan kuwa ba hujja ba ce, rashin sabo ne kawai, saboda haka sai mu ajiye shi gefe mu dubi maganar kanta.

Abu na farko da ya kamata mu tantance shi ne ko matar tana da wani nauyi a kanta game da wannan dabba. A nan tarihi yana da abin cewa. Faret ba naman daji ba ne da ya shigo gida da ƙafarsa. Ɗan Adam ne ya horar da kakanninta fiye da shekaru 2,000 da suka wuce domin farautar zomo, a zura ta cikin rami ta koro zomaye su faɗa raga. Marubucin nan na Girka, Istirabo, da na Rum, Filini Babba, duk sun ambaci yadda aka yi amfani da irinta a yankin Sifen lokacin da zomaye suka addabi manoma. Wadda ake sayarwa a kantunan Amurka kuwa a keji aka haife ta, kuma galibi tun tana 'yar makonni ake dandaƙe ta kafin a kai ta kasuwa. Likitocin dabbobi suna danganta wannan dandaƙar da wani ciwo na daban da ya yawaita gare su, na wasu 'yan halittu biyu da ke manne kusa da ƙoda, wanda kan sa gashi ya zube tun daga wutsiya, namiji kuma fitsari ya riƙa tsaya masa. Idan aka buɗe wa irin wannan dabba ƙofa aka ce ta je ta nemi na kanta, kwanaki kaɗan za ta yi a duniya. Mutum ne ya ƙera ta a haka, ya toshe mata kowace hanya sai wadda ta bi ta hannunsa.

Wannan shi ne ainihin darasin hadisin nan da Bukhari da Muslim suka ruwaito, na matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci ba. Laifin ya taso ne daga kullewar. Da ta bar kyanwar a titi, da babu mai tambayarta. Haka kuma a fiƙihun Malikiyya, littafin Muhtasar na Shehu Halil ya wajabta wa mai dabba ciyar da ita idan babu makiyaya, in ya ƙi a sayar da ita. Sai dai ana iya cewa wannan magana ce ta ci da sha, ina ruwanta da awon jini da tiyata? Gaskiya ne, malaman da da yawansu ba su ma sa kuɗin likita cikin ciyarwar da ta wajaba a kan miji ga matarsa ba. A fahimtarmu dalilin shi ne magani a zamaninsu sa'a ce, a dace ko a rasa. Amma yau idan an san tabbas cewa 'yan ɗigo na magani za su hana dabba farfaɗiya da zafin ciwo, to hana ta shi bai da nisa da hana ta ruwa. Mun yarda ke nan matar tana da nauyi. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka.

Sai dai karin maganar nan takobi ce mai kaifi biyu. In nauyin nata ne, me ya sa za ta ɗora wa wasu? Ba ta yi shawara da kowa ba ranar da ta shiga kanti ta saya. Ta sha daɗin wasan dabbar shekara biyar ita kaɗai, yanzu da wahala ta zo sai a ce jama'a su taru? Wannan ƙorafi yana da ƙarfi, kuma wanda ya ɗauki dabba mai yawan ciwo alhali ya san ba shi da abin jinyarta, bai kuma yi tanadi ko inshora ba, ya yi ganganci. Amma ba kowa ne ya shiga da ganganci ba. Aiki yakan ƙare, haya takan tashi, mai lafiya yakan kwanta. Kuma ko da gangancin ne, ba dabbar ce ta yi shi ba, ita ce dai za ta biya. Idan yaro ya zo mana da ƙuna ba ma cewa sai mun binciki sakacin uwarsa kafin mu nemo magani.

Hujjar da ta fi kowace nauyi a kan wannan roƙo ta zo ne daga wani masanin falsafa ɗan ƙasar Ostireliya, Peter Singer. A wata maƙala da ya buga a 1972, wadda ya rubuta lokacin da miliyoyin 'yan gudun hijirar Gabashin Bengal suke cikin yunwa, ya kawo misalin mutumin da ya ga yaro yana nutsewa a wani ɗan kududdufi. Babu mai hankalin da zai wuce don kada tufafinsa su ɓaci. Daga nan ya ce nisa ba ya canza hukunci, yaron da ke mutuwa a wata nahiya daidai yake da wanda ke gabanka, muddin kana iya cetonsa ba tare da ka yi wata babbar asara ba. Mu ɗauki wannan ma'auni mu auna batunmu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa zazzabin cizon sauro ya kashe mutane kimanin 600,000 a 2022, kusan kashi ɗaya cikin uku a Nijeriya, akasarinsu kuma yara ƙanana. Gidan sauro mai magani 'yan daloli ne. Kuɗin tiyata ɗaya ta faret zai sayi gidajen sauro masu yawa. Ga mu nan da muka san ƙananan kaburbura, wannan ba lissafin takarda ba ne. Abin lura kuma shi ne, wannan Singer ɗin shi ne ya rubuta shahararren littafin nan na 'yantar da dabbobi a 1975, don haka babu mai cewa ƙin dabbobi ne ya sa shi faɗin abin da ya faɗa.

Ba mu ga yadda za a rushe wannan hujja gaba ɗaya ba, kuma ba ma so mu yi kamar mun rushe ta. Abin da muka gani shi ne, idan aka sake ta ba a kan faret kaɗai za ta tsaya ba. Za ta cinye anko da kayan lefe, ta cinye sabuwar mota da ragon suna na biyu, ta cinye har kuɗin da aka buga wannan mujalla da mai karatu yake riƙe da ita. Mutumin da ya kashe dukiya a walima ranar Asabar, sannan ranar Litinin ya tuna da yaran da sauro ke kashewa domin kawai ya ji an ce wata tana jinyar dabba, ba yaran ne suka dame shi ba. Wanda ya cancanci ya ɗaga wannan tuta shi ne wanda ya riga ya auna kansa da ita, kuma irinsu ba su da yawa. Har ila yau, dala goman da maƙwabci ya jefa a gwangwanin matar nan, da wuya a ce daga kason marayu ya zare ta. Daga kuɗin shayi da na kallo ta fito. Amma mu yi hattara, wannan amsa tana nuna munafuncin mai suka ne kawai, ba ta nuna cewa sukar ƙarya ce ba. Yaran suna nan, gidan sauron ma yana nan a kasuwa.

Wani masanin falsafa Bature ɗan Ingila, Bernard Williams, ya bi ta wata hanya. Ya kawo misalin mutumin da matarsa da wani baƙo suka faɗa ruwa, ba zai iya ceton kowa ba sai ɗaya. Ya ce idan mutumin ya tsaya neman ƙa'idar da ta halatta masa fifita matarsa, to tunaninsa ya yi yawa, kasancewarta matarsa ya isa. Manufarsa ita ce rayuwar da babu na jiki a cikinta, wadda kowa da kowa ɗaya ne a ma'auni, ba rayuwar da mutum zai iya yi ba ce. Wannan ya wanke matar. Amma bai wanke mai bayarwa ba, domin shi bai san dabbar ba, bai taɓa jin ɗuminta a tafin hannunsa ba. To shi me ya ba wa kuɗi?

A ganinmu mafi yawan masu bayarwa matar suke ba wa. Bahaushe ya ce sabo ake yi wa kuka, ba mutuwa ba. Wanda ya ga mace ita kaɗai tana fargabar ranar da za ta buɗe ƙofa ba abin da zai rugo ya tarye ta, ya ga ɗan Adam cikin damuwa, kuma rage wa ɗan Adam damuwa ba ya buƙatar dogon bayani. Akwai hadisin Anas game da ƙanensa Abu Umair, yaron da yake da ɗan tsuntsun da yake wasa da shi, tsuntsun ya mutu. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai ce masa ai tsuntsu ne kawai ba, ya tsaya ya tambaye shi labarin tsuntsun cikin raha da lallashi. Ga kuma hadisin wanda aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. Shari'a ta raba abubuwa biyu a nan, kuma rabon yana da hikima. Zakka tana da masu ita guda takwas da aka lissafa a Suratut Tauba, babu dabba a cikinsu, don haka haƙƙin talaka ba ya zama kuɗin tiyatar faret. Sadakar ganin dama kuwa ƙofarta a buɗe take ga duk mai rai. Idan mutum ya sauke na farko, babu mai hana shi na biyu. Matsalar tana ga wanda ya bar na farko ya riƙe na biyu domin shi ya fi sanyaya masa zuciya.

Tara kuɗi domin jinyar dabba ma ba sabon abu ba ne, ba kuma ƙirƙirar Turawa ba ce. An ruwaito cewa Sarkin Masar Zahir Baibaras, wanda ya yi mulki daga 1260 zuwa 1277, ya yi waƙafin wani lambu a Alƙahira domin ciyar da kyanwoyin da ba su da masu su. A birnin Bursa na Turkiyya an yi gidan jinyar shamuwa a ƙarni na 19, inda ake kula da waɗanda suka karye suka kasa bin 'yan'uwansu ƙaura. A Landan kuwa, a 1917, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya, wata mata mai suna Maria Dickin ta buɗe wani ɗan ɗakin shan magani a unguwar talakawa ta Whitechapel domin duba dabbobin marasa hali kyauta, kuma ƙungiyar da ta kafa ta bazu a faɗin Birtaniya. Amma mu lura da bambanci. Waƙafi da asibitin kyauta ba sa tambayar kyawun dabba ko iya bakin mai ita, wanda ya zo layi a duba shi. Roƙon mutum ɗaya kuwa kasuwa ce, kuma a kasuwa dokin mai baki ya fi gudu. Wadda ta iya rubutu mai sa hawaye, mai abokai masu hali, mai dabba kyakkyawa a hoto, ita za ta tara. Tsohon da bai iya karatu ba, mai tsohon kare mai ƙazuwa, ba zai tara ko sisi ba, alhali ciwon karensa bai fi na faret sauƙi ba. Wanda yake son dabbobi domin su dabbobi ne, kuɗinsa ya fi amfani a asusun gama-gari. Wanda ya ba matar nan kai tsaye, zumunci ya yi, kuma ya kyautu ya kira abin da sunansa.

Akwai masu kawo wata hujja daga tarihin likitanci. A 1933 wasu masana uku a Landan, Wilson Smith da Christopher Andrewes da Patrick Laidlaw, suka gano ƙwayar cutar murar nan mai tsanani ta infuluwenza, ta hanyar ɗiga wa faret ruwan kurkurar maƙogwaron marasa lafiya a hanci, domin dabbar tana kamuwa da ita har da atishawa kamar mutum. Tun daga lokacin aka yi ta amfani da dubbansu a binciken allurar rigakafi. Sai a ce ke nan ɗan Adam yana da bashin wannan dabba a wuyansa. Labarin yana da daɗi, amma ba mu ga ya biya buƙata ba. Waɗanda suka sha wahala a ɗakin gwaji sun riga sun mutu, kuma jinyar wata guda a ɗakin haya ba ta isa gare su. In akwai bashi, a ɗakin gwajin za a biya shi, ta rage yawan waɗanda ake gwaji a kansu da sassauta musu azaba.

Game da shi kansa roƙon, al'adarmu ta san bambancin gudunmawa da bara. Gudunmawa tana da dalili sananne da iyaka sananniya, gobara ce ko haihuwa ko jinya, a taru a ɗauki jinka a ɗora, kowa ya koma gida. Ciwon da ba ya warkewa kuwa rijiya ce marar ƙasa. Saboda haka wajibin farko a kan mai roƙo shi ne ta faɗi gaskiya tun a layin farko, cewa wannan dabba ba za ta warke ba, abin da ake nema shi ne a saya mata 'yan watanni marasa zafi. Wadda ta rubuta cewa a taimaka a ceci ranta, alhali likita ya gaya mata babu ceto, ta karɓi kuɗin mutane da ƙarya ko da hawayenta na gaske ne. Sai kuma ta fara da nata kafin ta nemi na wasu, ta nuna abin da aka kashe, kada ta mai da wanda ya ƙi bayarwa marar imani. Ƙin bayarwa a nan ba laifi ba ne ko kaɗan.

Duk wannan zance da muke yi, akwai wadda ba a tambaya ba. A ƙarni na 10 wasu malamai na Basra da ake kira Ihwanus Safa sun rubuta wani labari inda dabbobi suka kai ƙarar 'yan Adam gaban sarkin aljannu, alfadari ya tashi ya yi magana da yawun dabbobin gida. Daɗin adabi ke nan, yana ba marar baki baki. A ɗakin likita kuwa faret ba ta da wakili sai mai ita, kuma mai ita tana da nata muradi a cikin shari'ar. Jeremy Bentham ya nuna tun 1789 cewa abin dubawa game da dabba shi ne ko tana jin zafi, ba ko tana tunani ko magana ba. Idan muka bi wannan har ƙarshensa za mu iske wani abu da masu son dabbobi ba su cika son ji ba. Mutum yakan jure wa tiyata da ɗacin magani domin ya san dalili, yana hangen auren 'yarsa ko azumi mai zuwa. Dabba, iyakar abin da muke iya gani, ba ta da wannan hange. Ba ta san cewa zafin yau kuɗin sayen watan gobe ba ne. Abin da ta sani shi ne hannun da ta amince da shi ya danne ta, baƙo ya soka mata allura.

Wannan bai sa jinya ta zama zalunci ba. Faret da ake ɗiga wa magani sau biyu a rana, tana ci, tana wasa, tana satar safa tana kai wa ƙarƙashin kujera, ribar kwanakinta ta fi wahalarsu nesa ba kusa ba, kuma kuɗin da ya sayi waɗannan kwanaki ya sayi abu na gaske. Amma ciwon yana tafiya gaba. Akwai ranar da sumar za ta yawaita, maganin ya kai iyakarsa, ta daina tashi daga shimfiɗa. Daga wannan rana duk abin da aka ƙara kashewa, mai ita ake yi wa jinya da jikin dabbar.

A nan ne muka ga haɗarin da ya fi almubazzaranci girma, kuma ba a cika ambatonsa ba. A da, rashin kuɗi shi yake yanke hukunci. Mugun alƙali ne, yakan kashe dabbar da kwalbar magani ɗaya za ta tayar, kuma likitocin dabbobi a waɗancan ƙasashe sun san ɗacin yi wa irin wannan dabba allurar ƙarshe don kawai mai ita ba shi da hali. Gudunmawa ta zo ta tsige wannan alƙali, wannan kuwa alheri ne. Sai dai ta bar kujerar babu kowa, ta kuma tara 'yan kallo. Mutum hamsin sun ba da kuɗi, kowannensu yana tambaya yaya mai jiki, kowannensu yana so ya ji cewa dalarsa ta yi aiki. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Matar da a da za ta dubi dabbarta kawai ta yanke shawara, yanzu tana duban fuskokin mutum hamsin. Ta yaya za ta ce musu ta tsaya, alhali akwai sauran kuɗi a asusu, likita kuma ya ce ana iya gwada tiyata ta biyu? Kunya kaɗai tana iya sa ta ƙara wa dabbar wata uku na wahala.

Saboda haka idan ɗaya daga cikinmu ya sami kansa a cikin waɗannan hamsin, muna ganin ya haɗa kuɗinsa da magana guda, ya gaya wa matar cewa abin da ya bayar ya bayar, ba ya bin ta ko kwana ɗaya na ran dabbar, kuma ranar da ta ga ya dace ta tsaya, ba sai ta nemi izininsa ba. Ita kuma tun ranar da ta rubuta takardar roƙo ya kamata ta zauna da likita su ƙayyade alamomin da idan sun bayyana za a daina, tun idonta bai rufe ba, ta kuma rubuta a ƙasan takardar inda ragowar kuɗin za ta tafi, ko a mayar wa masu su, ko a miƙa wa gidan da ke karɓar irin waɗannan dabbobi idan masu su sun gaza.

Ɗalibin nan da ya yi maganar kuturu da rama ya same mu bayan darasi. Ya ce har yanzu shi ba zai ba da ko kwabo ba, yana da ƙanne a makaranta. Muka ce masa ya yi daidai. Sai ya ɗan yi shiru, sannan ya ce akwai wata tsohuwar akuya a gidansu da ta daina haihuwa shekara uku ke nan, kakarsa ta hana a sayar, ta hana a yanka, kullum ita ke jiƙa mata dusa da hannunta domin haƙoranta sun zube.